Cakulkulin Malam Tsaya-Cak

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Malam ya sha shayinsa, ya ci burodi, ya yi mitar sukari ya yi kaɗan. Mutumin da ke mitar sukari ai da sauransa. Filastar da ke goshinsa ta fara ɗagowa ta gefe, ya hana ni taɓawa, wai ta ƙara masa kwarjini.

Zancen matakala ba zan rubuta shi ba. Na share gilashin kyamarar da ya tarwatse, na zubar, shi ke nan.

Shagon hotonmu da ke ƙasa a rufe yake tun Juma'a. Mu muna sama, kuma an hana shi sauka sai da dalili. Jibi za mu asibiti a ɗauki hoton zuciyarsa. Likita ta ce eko sunan abin, ba allura ba yanka. Malam ya ce, "Shekara arba'in ina ɗaukar mutane, yau ni za a ɗauka. Allah ya sa mutumin ya san aikinsa."

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Bari in rubuta wannan tun cikina bai daina ciwon dariya ba.

Duk unguwar nan ba wanda ya san mijina da wani suna sai Tsaya-Cak, don abin da yake daka wa mutane ke nan in ya leƙa kyamara: "Tsaya cak! Riƙe numfashi!" Manyan mutane sun sha tsawarsa, masu gemu da masu tumbi. Ni kuwa aikina a shagon shi ne in tsaya bayansa da 'yar tsanar roba mai kuka, in yi ta matsa ta ina murguɗa baki har jariri ya yi dariya. Shi mai hana motsi, ni mai sa dariya, a haka muka tsufa.

To yau aka shigar da mu wani ɗan ɗaki mai labule, ga siririn gado, ga na'ura mai allo kamar talabijin. Mai na'urar dogo ne, mai sanyin magana, gashi ya fara yi masa sallama. Ya ce, "Baba, a cire riga, a kwanta ta hagu, hannu ƙarƙashin kai." Sai ya rage fitila.

Malam ya ɗago kai. "Ka kashe haske? Wa ya koya maka hoto?"

"Baba, namu da sauti ake ɗauka. Na'urar ke tura shi ciki, ya bugi zuciya ya dawo kamar amsa-kuwwa, ita kuma ta zana abin da ta ji."

"To mu gani."

Ya matso wani mai mai sanyi da yauƙi a kan bakin na'urar, wani abu ne kamar kwalbar turare mai igiya, ya ɗora wa Malam tsakanin haƙarƙari.

Wayyo Allah! Na san mutumin nan yana jin cakulkuli, amma ban san ya kai haka ba. Da farko ya cije leɓe. Sai kafaɗa ta fara rawa. Sai ga dariya ta ɓalle, gado na ƙara, ƙafafu na shure-shure, hoton da ke allo sai lilo yake. Mai na'ura ya ce, "Baba, a tsaya cak, a riƙe numfashi." Jin haka ni ma sai na fashe, har wata nas ta leƙo ta ga ko lafiya. Wanzami dai ba ya son jarfa.

An yi ta gwadawa. Da an ɗora sai ya ɓare baki. Daga ƙarshe mutumin ya goge man, ya ce mu dawo Talata.

Abu ɗaya dai. Ana cikin haka ya kunna sautin na'urar na ɗan lokaci, sai na ji fuuu, fuuu, wata ƙara mai kaushi tana bin kowane bugu. Na san ta. Dariyata ta tsaya, amma ba wanda ya lura.

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar

Magen ce na ji jiya.

In mun kwanta hutun rana nakan ɗora kunne a ƙirjinsa, ta sama-sama inda ba ya jin cakulkuli. 'Yan shekarun nan akwai wani gurnani a ƙarƙashin bugun, irin na mage in ta ƙoshi. Har nakan ce, "Malam, magenka ta tashi." Ya ce, "Ki bar ta, ba ta cin naman kowa." Da ita nake yin barci.

Yau na faɗa wa likita. Mace ce gajera mai saurin magana, amma ta ajiye biro ta saurare ni. Ta ce a bakin zuciya akwai wata ƙofa mai ƙyaure uku, su suna ce mata bawul, ta nan jini ke fita zuwa babbar jijiyar da ke raba shi ga duk jiki. In shekaru suka ja, wani farin abu kan daskare a kanta kamar wanda ke kama cikin butar shayi, sai ta ƙi buɗewa sosai.

Ta ce, "Mama, kin taɓa toshe bakin tiyo da yatsa?"

Na ce kullum, in ina wanke baranda.

"To yadda ruwan ke fita da gudu yana ƙara, haka jinin Baba ke yi. Ƙarar ce magenki. Gudun muke so mu auna. In ya kai huɗu a ma'auninmu, ƙofar ta tsuke da yawa, sai a canza ta ba jira. Jiya an samu uku da 'yan kai, amma a jikin mutumin da ke birgima. In na'ura ba ta daidaita da hanyar jinin ba, sai ta nuna ƙasa da gaskiya. Ba zan yanke hukunci da hoton da ya girgiza ba."

Malam ya gyaɗa kai. Irin wannan hoton ko shi ba ya ba kwastoma.

Na ce, "In kuma an bar ta haka?"

Sai ta dubi filastar goshinsa. Ban sake tambaya ba.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Na buɗe makaranta. Ɗalibi ɗaya, darasi ɗaya: haƙuri da cakulkuli.

Na sa kwalbar turarena a firji ta yi sanyi, na samo man kitso, na kwantar da shi ta hagu a kan doguwar kujera. Tun ban taɓa shi ba, kwalbar kawai ya gani ya fara ƙyaƙyatawa. Na ce ya tuna abin baƙin ciki. Ya ce ya tuna ranar da ya fara cin girkina. Na ɗora masa kwalbar da gayya.

Autarmu ta kira a waya ana tsakiyar haka. Ta ce, "Umma, me nake ji? Baba ne ke kuka?" Na ce dariya yake. Ta ce, "Ni da na kwana ban runtsa ba saboda ku, ashe ku shagali kuke." Na ce ta kwantar da hankalinta, lafiya lau muke.

Lahadi, 9 ga wata, da la'asar

Ban taɓa ganin gidan da hotunan bangonsa suka miƙe kamar namu ba. Daga ɗaki zuwa falo sai ya tsaya ya gyara ɗaya, ya dafa bango, ya daɗe yana dubawa. Lafiya lau muke.

Talata, 11 ga wata, da yamma

Mun koma, mun dawo.

Mai na'ura ya ɗumama man a tafin hannunsa, bai yi amfani ba. Ya danna da ƙarfi maimakon a hankali, an ɗan samu, sai Malam ya tuna da makarantata ya sake ɓarkewa. Har masu jira a waje suka fara tayawa, ba su ma san abin da ake wa dariyar ba. Wani tsoho mai sanda ya ce in wannan ne ɗakin, shi ma a sa shi a layi.

Sai mai na'ura ya ce, "Baba, akwai dabara. Ɗora hannunka a kan nawa, mu riƙa tafiya tare. Mutum ba ya yi wa kansa cakulkuli, in hannunka na kai jikinka zai ɗauka kai ne."

Nan take dariyar ta ɗauke. Malam ya tashi zaune ya ce, "Ɗana, a sana'armu ba a taɓa kyamarar wani yana kan aiki. Ko ɗan da na haifa bai isa ya taɓa tawa ba."

"Ni na yarda, Baba."

"Ni ban yarda ba."

Dokar gaskiya ce, na sha ganin ya kori mutum daga shago a kanta. Amma yadda ya jawo rigarsa da sauri bai yi mini ba.

Likita ta ce saura gwaji ɗaya, Alhamis ta sama. In ya ƙi, za a bi wata hanyar, har da zura masa na'ura ta maƙogwaro. A mota ya yi ta shafa wuya.

Juma'a, 14 ga wata, da hantsi

Makaranta na ci gaba, ɗalibi na ci baya. Na gwada cokali, na gwada ƙasan kofi. Maƙwabciyarmu ta buga ƙofa ta ce don Allah mu faɗa mata sirrin, ita nata mijin rabonsa da dariya tun yana saurayi.

Ina jin daɗin kwanakin nan, abin kunya. Rabon da mu wuni tare ba kwastoma ba sallama har na manta. Ya koya mini wasan kati, na cinye shi, ya ce haske ne bai yi ba.

Lahadi, 16 ga wata, da azahar

Na fito wanka ban gan shi ba. A tsakiyar matakala na same shi zaune, makullin shago a hannu. Ya ce hutawa yake.

Ba zan rubuta ba.

Litinin, 17 ga wata, da la'asar

Yau ba wasa na shigo da kwalbar. Na ɗora masa, ya fara, ya cafke hannuna zai ture. Sai na ƙi saki. Hannunsa a kan nawa, kwalbar a kan haƙarƙarinsa, muna ta ja, tana ta zamewa sama da ƙasa a cikin man kitso.

Shiru. Ko ɗis.

Na dube shi, ya dubi silin.

Na ce, "Ashe dabarar na ci."

Ya ce, "Na san tana ci. Tun a asibiti na sani."

"To kyamarar wani fa?"

Sai ya ce, "'Yar tsohuwa, muddin hoton bai fito ba, ba wanda zai ce mini komai. Na ɗauki mutane da yawa waɗanda ban sake ganinsu ba sai a jikin bangon 'ya'yansu. Dariyar ba ƙarya ba ce, wallahi ina jin abin. Amma ba na ƙin ta."

Na ce, "Malam, ni na ɗaga kanka daga matakalar nan. Na kira ka, na kira ka, ba ka amsa ba. Ban san ina da murya irin wannan ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In tsoro kake ji, ni ma ina ji, mu je mu ji shi tare a gaban mutumin."

Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Bai saki hannuna ba. Can ya ce, "In na taɓa kyamararsa, sai ya sa sunana a ƙasan hoton." Na ce zan gaya masa. Man kitso duk ya ɓata kujerar, ban damu ba.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Ya fito.

Muna shiga Malam ya cire riga ba a ce masa ba, ya kwanta, ya miƙa hannu ya ce, "Ɗana, kawo. Amma kar ka faɗa wa kowa." Mai na'ura ya ce bakinsa alekum. Ya ɗora bakin na'urar, Malam ya ɗora hannunsa a kai, tsohon hannun nan mai jijiyoyi a kan na mutumin. Ni na riƙe numfashi, ban san dalili ba, ba ni aka ce wa ba.

Sai ga zuciyar mijina a allo, baƙi da fari, tana buɗewa tana rufewa. Shekara arba'in da ɗoriya ina zaune da ita, yau muka ga juna. Mai na'ura ya nuna mini ƙofar. Ƙyauren nan uku sun yi fari fat, sun yi kauri, da ƙyar suke ɗan motsawa, tsakiyarsu kamar bakin jakar da aka tsuke.

Aikin ya ɗauki lokaci. Daga gefen ƙashin ƙirji suka gangara ƙasan nono, hannu bisa hannu. Malam har da ba da umarni: "Ɗan karkata hagu. A'a, ka wuce. Yauwa." Mutumin yana cewa, "To, Baba," yana yin abin da ya ga dama. Ya kunna sauti, magen ta cika ɗakin. A allo kowane bugu na zana wani dogon tsini, shi kuma yana auna tsawonsa.

Sai ya ce a juya ta dama. Ya ɗauko wani ƙaramin baki kamar fensir, ya ce wannan ba ya nuna hoto, da kunne ake binsa, don wani lokaci ta nan ake kama gudun na gaskiya. Suka yi ta lalube a gefen dama, har cikin ramin wuya, yana sauraro ido a lumshe. Can ƙarar ta canza, ta yi siriri, ta yi kaifi kamar fito. Ya ce, "Baba, tsaya cak." Malam ya tsaya cak. Na rantse ban taɓa ganin ya yi wa kowa biyayya haka ba.

Huɗu da rabi, har da ɗoriya.

Malam ya ce, "Hoto ya fito?"

"Ya fito, Baba."

"Ba kyau ke nan."

"Hoton ya yi kyau. Ƙofar ce ba ta da kyau. Sauran bayani na likita ne."

Likita ta ce ta tsuke ƙwarai, amma naman zuciyar na da ƙarfinsa, mun zo a kan gaɓa. Na ji kamar an sauke mini kaya. Mugun labari ne, na sani, amma rashin sani ya fi dare duhu. A hanya na sa direba ya tsaya na sayi lemo, muka ɓare muka sha a mota kamar yara.

Talata, 25 ga wata, da hantsi

An yi sauran gwaje-gwaje, an ɗebi jini, an sa shi a wata na'ura mai rami an auna jijiyoyinsa. Ba za a tsaga ƙirji ba, ta jijiyar cinya za a tura sabuwar ƙofar a naɗe, in ta isa a buɗe ta cikin tsohuwar. Wai da fatar zuciyar saniya ake yin ta.

Auta ta iso da jakunkunanta. Ta ce, "Baba, in ka fara tuƙa kar ka ce ban faɗa ba." Ya ce in ya fito ita zai fara tunkuya.

Laraba, 3 ga sabon wata, da safe

Sun shiga da shi. Ya ba ni agogonsa da tabarau. Kujerun nan na ƙarfe ne, sanyi gare su.

Laraba, da hantsi

Auta ta sayo mini shayi. Yana nan.

Laraba, bayan azahar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ya buɗe ido ya ce wa nas fitilar ɗakin nan ta yi wa fuska tsaye da yawa.

Juma'a, 5 ga wata, da yamma

Kafin sallama aka turo na'urar har bakin gadonsa, ga dogon namu a bayanta. Malam ya miƙa hannu tun daga nesa kamar mai tarbar aboki. Sabuwar ƙofar tana wangalewa tana rufewa, ba gardama. Gudun ya sauko biyu. Mutumin ya buga masa hoton a 'yar takarda mai sheƙi, ya juya bayanta ya rubuta, "Ɗaukar Malam Tsaya-Cak da ɗalibinsa."

Malam ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya ce, "Baƙi da fari, ba labulen baya, mai hoton ma bai yi murmushi ba. Amma ba laifi." Sai ya juya fuska wajen taga, ya ce man nan ne ya shiga masa ido.

Asabar, 6 ga wata, da hantsi

Mun dawo gida. Ya hau matakala a hankali saboda cinyar, Auta na gaba ina baya. Ya wuce wurin da ya faɗi bai tsaya ba. Ni ce na tsaya, na dafa bango. Ya leƙo daga sama ya ce, "'Yar tsohuwa, ko ke ma a kai ki wajen ɗalibina?"

Juma'a, 12 ga wata, bayan azahar

Auta ta koma. An rataye hoton a falo tsakanin na aurenmu da na jikoki, ya ɗan karkace, kuma ba wanda ya tsaya gyara shi.

Yau muka kwanta hutun rana, karo na farko tun da abin ya faru. Na daɗe ina juyi kafin na ɗora kunne a ƙirjinsa.

Magen ta tafi. Dum-dum, dum-dum, tsaf, ba komai a ƙarƙashi. Na san ita ce ta so ta raba ni da shi, amma shekaru da ita nake barci, sai na ji hawaye na gangara. Ina gyara kwanciya ɗankunnena ya zame ya taɓa masa haƙarƙari.

Sai ga dariyar. Kafaɗa ta fara rawa, gado ya ɗauka, kaina na tsalle a kan ƙirjinsa. Doguwar dariya ce, har ƙarshenta, bai tsaya neman numfashi a tsakiya ba.

Na ce, "Malam, don Allah tsaya cak, ina sauraro."

Sai ya ɗora hannunsa a kaina, ya danna kunnena a wurin, ya riƙe. Dariyar ta lafa. Ya ce, "To saurara."

Na saurara har aka kira la'asar.